Staff Benda Bilili: Makaɗan titin Kinshasa da talauci ya haɗa, kuɗi ya raba

Ɗan'uwa mai karatu, in kana da sauran data, leƙa YouTube ka rubuta Staff Benda Bilili. Za ka ga wasu magidanta huɗu a kan kekunan guragu, wasu riƙe da jita, wasu a bakin makirfo. Gefensu akwai wani a tsaye kan sandunan dogarawa yana ta zuba zance cikin sauri, sai wani matashi siriri rungume da gwangwani yana fitar da wani sauti mai tsini da za ka rantse jitar lantarki ce. A gabansu kuwa dubban mutane ne ke tsalle, galibinsu ba sa jin ko kalma ɗaya ta yaren da ake waƙar.

Shekaru kaɗan kafin a ɗauki waɗannan bidiyoyin, wasu daga cikin mutanen nan a kan kwali suke kwana a bakin titi a Kinshasa, babban birnin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. Shekaru kaɗan bayan haka kuma ƙungiyar ta dare gida biyu. Mu 'yan soshiyal midiya rabin farko na labarin muka fi so, wato daga titi zuwa ɗaukaka, a ɗora masa kiɗa mai taushi a yi ta turawa a WhatsApp. Rabi na biyun ba a cika ba da shi ba, alhali shi ya fi shafar duk wanda ke da wata tafiya da abokansa, ta waƙa ce, ta barkwanci a TikTok ce, ko tashar YouTube da kuka buɗe ku huɗu da waya ɗaya. To mu ɗauko tarihin tun daga tushe.

Garin kiɗa, garin wahala

Kinshasa na bakin kogin Kongo, tana kallon Brazzaville, babban birnin ɗaya Kongon, da ke tsallaken ruwa. Mutanenta sun haura miliyan 10, kuma duk Afirka an san ta da kiɗa. Nan ne gidan rumba, kiɗan da su Franco Luambo da Tabu Ley Rochereau da Papa Wemba suka kai ko'ina, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2021. Ko ba ka taɓa jin waɗannan sunaye ba, ka san jikan wannan kiɗa. Shi ne irin na su Awilo Longomba da ke tashi a wuraren biki, wanda muke ce wa makosa, duk da cewa makosa ta asali kiɗan Kamaru ce.

Sai dai garin ya ga ta kansa. Mobutu Sese Seko ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1997, ya bar ta asibitoci ba magani, ma'aikata ba albashi. Daga 1998 zuwa 2003 kuma aka shiga yaƙin da ya jawo sojojin ƙasashe maƙwabta da dama. A irin wannan hali mai lafiya ma da ƙyar yake ci, balle wanda cutar shan-inna ta taɓa.

Cutar ba baƙuwarmu ba ce. Ƙwayarta na shiga jiki ta ruwa ko abincin da ya gurɓata, ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma a cikin kusan mutum 200 da ta kama, ɗaya kan rasa amfanin ƙafafunsa har abada. Ba ta da magani in ta riga ta kama, rigakafi kawai ke tare ta. Ginshiƙan wannan ƙungiya duk tun suna yara ta same su.

Wata hanyar neman abinci da nakasassun Kinshasa suka daɗe suna bi ita ce fito. A wancan lokacin ana yi musu sassaucin kuɗin jirgin ruwa da na kwastan tsakanin Kinshasa da Brazzaville, don haka 'yan kasuwa kan ba su kaya su ƙetara da su a kan kekunansu, a ba su lada. Léon Likabu, wanda kowa ke kira Papa Ricky, da abokinsa Coco Ngambali, sun daɗe da sanin juna tun a wannan harka. Ricky ya taɓa sana'o'i iri-iri, har da ɗinki da sayar da sigari a kan kekensa. Coco kuwa gwanin jita ne, kuma shi ya tsara da yawa daga cikin waƙoƙin da ƙungiyar ta yi suna da su daga baya.

Da aka ƙi su, sai suka haɗa tasu

A Kinshasa ƙungiyar kiɗa babbar harka ce, mutum goma sha, da 'yan rawa, da gayu na ƙin ƙarawa. Su Ricky sun nemi shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, ba a karɓe su ba saboda nakasarsu. Sai suka haɗa tasu a farkon shekarun 2000. Aka samu Théo Nzonza mai zaƙin murya, da Djunana wanda kan sauko daga kekensa ya yi rawa da hannuwa, da Kabose mai sanduna. Masu jitar ƙasa da ganga lafiyarsu ƙalau, amma su ma 'yan gwagwarmayar titi ne. Gangar ma ta gida ce, an harhaɗa ta da katako da gwangwanaye.

Sunan da suka zaɓa haɗi ne. Staff kalmar aro ce da ke nufin tawaga, Benda Bilili kuma Lingala ne, yaren da aka fi yi a Kinshasa, kuma ana fassara shi da cewa ka duba abin da ke bayan abin da idonka ya gani. Ka ga tun a suna sun ba waɗanda suka raina su amsa.

Da yamma sukan je unguwar masu kuɗi ta tsakiyar gari, wadda sunanta Gombe, kamar dai tamu, su yi kiɗa a ƙofar gidajen abincin da Turawa da manyan gari ke zuwa, a jefa musu abin da ya samu. Da rana kuma sai su tafi gidan zoo na Kinshasa su yi gwaji. Wurin ya lalace, dabbobin da suka rage duk sun rame, amma akwai inuwa, kuma ba hayaniyar motoci. Yaran titi ne ke tura musu kekuna, su kuma su ciyar da su, su tsare su daga masu cin zali. Papa Ricky ya zama kamar uba ga tarin irin waɗannan yara.

Abin da suke waƙa a kai shi ne abin da suke ciki. Suna da waƙa mai suna Tonkara, wadda ta samo sunanta daga kwalin da ake shimfiɗawa a kwanta a kai. Suna da wata mai suna Polio, inda suke kira ga iyaye su kai yaransu rigakafi, wanda cutar ta riga ta kama kuma kada a yasar da shi, a sa shi makaranta kamar kowane ɗa. Ka tuna a daidai wannan zamanin ne, tsakanin 2003 da 2004, aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin arewa saboda shakkun da aka yi a kansa. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, shekara 4 bayan ganinta na ƙarshe a jihar Borno. Saƙon da gwamnatoci suka kashe maƙudan kuɗi suna yaɗawa, waɗannan mutane kyauta suke rera shi a bakin titi, kuma daga bakin wanda abin ya shafa.

Yaro da gwangwani

A 2004 wasu Faransawa biyu masu ɗaukar fim, Renaud Barret da Florent de La Tullaye, suka ci karo da su suna kiɗa a titi. Kiɗan ya kama su, suka fara ɗaukar su a kyamara, suka kuma yi alƙawarin taimaka musu su fitar da kundin waƙoƙi. Su ne suka gamu da wani yaro da ke yawo a gari shi kaɗai, bai wuce shekara 13 zuwa 14 ba, suka kai shi wurin Papa Ricky. Sunansa Roger Landu.

Roger yana ɗauke da wani abin kiɗa da ya ƙera da hannunsa, yana kiran sa satonge. Gwangwani ne, da ɗan itace da aka lanƙwasa kamar baka, da waya guda ɗaya da aka ɗaure daga gwangwanin zuwa ƙarshen itacen. Yakan manna gwangwanin a ƙirjinsa, hannu ɗaya na kaɗa wayar, ɗayan na matsa itacen ko sassauta shi. In wayar ta ɗaure sauti ya hau, in ta saki ya sauka. Shi ke nan fa kayan aikin. Bahaushe ba zai yi mamakin tsirkiya ɗaya da gwangwani ba, domin kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma haka yake, gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata, kuma da shi ya zaga duniya.

Ricky ya karɓi yaron, dattawan suka koya masa yadda ake bin waƙa, inda zai shigo da inda zai yi shiru. Da aka jona wa satonge lantarki daga baya, sai ya zama shi ne sautin da ake gane ƙungiyar da shi. Ka lura da abu ɗaya a nan: baiwar tasa ce, amma a titi shi kaɗai, ɗan canji kawai take kawo masa. Sai da ya zauna cikin mutanen da suka fi shi sanin kiɗa, kullum ana gwaji, sannan ta zama sana'a.

A 2005 suka shiga situdiyo karon farko. Ana cikin aikin gobara ta cinye matsugunin nakasassun da iyalan wasu daga cikinsu ke zaune. Komai ya ƙone. Mutumin da matarsa da 'ya'yansa ke kwana a waje ina ya ga ta waƙa? Aiki ya tsaya, kuɗin Faransawan ya ƙare suka koma gida, Roger ya koma ƙauyensu. Sai da aka ɗauki kusan shekara guda kafin a sake tattaro kowa, shi ma Roger aka bi shi har ƙauye aka dawo da shi.

Waƙar zaɓe da dala 50

A 2006 Kongo ta shirya zaɓen jam'iyyu da yawa na farko cikin fiye da shekara 40. An yi zagayen farko ranar 30 ga Yuli, aka yi na biyu ranar 29 ga Oktoba tsakanin Joseph Kabila da Jean-Pierre Bemba. Akwai buƙatar a wayar da kan miliyoyin mutanen da ba su taɓa jefa ƙuri'a ba. Su Ricky suka yi waƙa mai suna Allons Voter, wato mu je mu yi zaɓe. Waƙar ta kama gari, rediyo da talabijin suka yi ta sa ta ba dare ba rana, da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke aikin wanzar da zaman lafiya a ƙasar.

Da a yau ne, da mun ce sun yi tirendin. To me suka samu? Rahotannin da suka fito bayan zaɓen sun ce dala 50 aka ba kowannensu, ba a rubuta wata yarjejeniya da su ba, kuma ba a sa sunansu a jikin bidiyon ba. Daga baya suka nemi lauya, suka buƙaci a biya su dala 100,000. Ƙasa gaba ɗaya ta haddace waƙarsu, su kuwa suna nan a ƙofar gidajen abinci suna jiran abin da za a jefo.

Wannan ne karo na farko da rashin takarda ya cije su. In ba ka san yadda kuɗin waƙa ke tafiya ba, ga shi a taƙaice. Waƙa ɗaya tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baitoci da karin waƙar, akwai kuma haƙƙin sautin da aka naɗa, wanda galibi yake hannun wanda ya biya kuɗin naɗin. Duk sanda aka sa waƙar a rediyo, ko a talla, ko a fim, akwai abin da ya kamata ya koma wa masu waɗannan haƙƙoƙi. In ka karɓi kuɗi a hannu ba tare da an rubuta ko na mene ne ba, gobe kai za ka ce ladan zuwa situdiyo ne, wanda ya ba ka ya ce ai waƙar ya saya ɗungurungum. Kuma mai ƙarfi ake saurara.

Situdiyo a gidan zoo

Kamfanin Crammed Discs na ƙasar Beljiyam ne ya ɗauki nauyin kundin a ƙarshe. Furodusansu Vincent Kenis, wanda ya daɗe yana aiki da makaɗan Kongo irin su Konono N°1, ya ga cewa cikin ɗaki mai rufe ba a samun ainihin sautinsu. Sai ya kwaso makirfo da kwamfutar tafi-da-gidanka ya kai gidan zoo, aka jawo wuta da doguwar waya, aka naɗi yawancin waƙoƙin a fili da dare. In ka saurara da kyau a wasu waƙoƙin za ka ji kukan kwaɗi da ƙwari a baya.

Kundin ya fito a farkon 2009 da sunan Très Très Fort, wato mai ƙarfi ƙwarai da gaske. Rumba ce, amma an zuba mata salon Kuba da rege da irin kiɗan James Brown. Lissafa ka gani: daga haɗuwa da masu kyamara zuwa fitowar kundin farko shekara 5 ce, ban da shekarun da suka yi suna kiɗa ba wanda ya san da su.

Daga nan likafa ta ci gaba. A watan Yulin 2009 suka hau dandalin bikin Eurockéennes a garin Belfort na Faransa, wasansu na farko a Turai. Kafin shekarar ta ƙare aka ba su kyautar gwarzon mawaƙi ta WOMEX a Copenhagen. A watan Mayun 2010 fim ɗin da Faransawan nan suka kwashe shekaru suna ɗauka, mai suna Benda Bilili!, ya buɗe wani sashe na bikin fina-finai na Cannes, daga baya ya shiga takarar kyautar César ta Faransa. Suka yi wasa a bikin Glastonbury na Ingila a 2010, suka je Japan da Ostireliya da Amurka. A watan Satumbar 2012 suka fitar da kundi na biyu, Bouger le Monde, suka kuma yi wasa a zauren Royal Albert Hall na Landan.

Rayuwarsu ta canza da gaske. Sun samu muhalli, 'ya'yansu sun shiga makaranta, kekunan hannu sun koma masu inji. Wanda ya ce waƙa ba ta yi musu rana ba bai faɗi gaskiya ba.

Inda aka raba gari

Ba a rufa wata shida da wasan Landan ba, a farkon 2013, labari ya fito cewa ƙungiyar ta rabu da manajanta da kamfanin da ke shirya mata wasanni, an soke rangadin da aka tsara a Turai, kuma Coco da Théo sun fice. Rahotanni sun danganta abin da saɓani kan kuɗi da yadda ake tafiyar da harkokin ƙungiyar, kowane ɓangare da nasa bayanin. Ba aikinmu ba ne mu yanke wa wani hukunci daga nan. Abin da ke fili shi ne, mutanen da gobara ba ta raba ba, da yunwa ba ta raba ba, sun rabu cikin shekara 4 da fara samu. Ricky da Coco kuwa abota ce ta shekaru masu yawa.

Don me hakan ke yawan faruwa? Lokacin da suke titi, lissafin a fili yake. Abin da aka jefo kowa ya gani da idonsa, a ƙirga a raba a wurin. Da aka koma rangadin ƙasashen waje, kuɗin ya daina bi ta hannunsu. Mai shirya biki zai biya wakili, wakili ya cire kasonsa, manaja ya cire nasa, a fitar da kuɗin jirgi da biza da otal da haraji da ladan injiniyoyi, sannan a raba sauran. Kuɗin da kamfani ya kashe wajen naɗi da talla ma bashi ne, sai ya fanshe shi daga ciniki kafin mawaƙi ya fara ganin riba. Mawaƙin da ya ga mutum dubu goma a gabansa, aka miƙo masa abin da bai kai zatonsa ba, dole zuciyarsa ta raya masa wani abu, ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba. In ba takardar da kowa ya fahimta, ba kuma wanda ke zama ya buɗe littafin lissafi a gaban kowa, zargi ne zai cike gurbin. A cikin ƙungiyar ma akwai tambayar da ba a yin ta lokacin babu: wanda ya tsara waƙa da wanda ya yi amshi, kasonsu ɗaya ne?

Papa Ricky ya ci gaba da riƙe sunan Staff Benda Bilili tare da waɗanda suka rage da sababbin makaɗa. Coco da Théo suka tara wasu matasan Kinshasa suka kafa Mbongwana Star. Mbongwana na nufin canji a Lingala. Suka yi aiki da furodusa Liam Farrell, wanda aka fi sani da Doctor L, mutumin da ya taɓa aiki da Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti. Kundinsu From Kinshasa ya fito a 2015 kuma ya sha yabo sosai. Baiwa dai ba ta ɓace ba. Amma waccan tawaga da ta tashi daga gidan zoo, muryar Ricky da jitar Coco da satongen Roger a dandali ɗaya, a bidiyo kawai za ka ƙara ganin ta yadda take.

Kai da abokanka fa?

Na san abin da wani zai ce: mu da ko mabiya dubu biyar ba mu haɗa ba, wace takarda za mu rubuta? Wani kuma zai ce ai kawo maganar kuɗi tsakanin abokai rashin yarda ne, mu 'yan'uwa ne. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don akwai tafiyar da in ka fara da lissafi, daɗinta zai tafi tun ba a je ko'ina ba. Su Ricky ma ba takarda ce ta haɗa su ba. Zama tare ne, da gwajin kullum, da kula da juna.

Amma ka duba lokacin da magana ta fi sauƙi. Yau da babu ko sisi, in kuka ce za a raba daidai, ko mai rubutu zai ɗauki kaso kaza, ba wanda zai ji an tauye shi, don ba abin da ke kan tebur. Ranar da wani kamfani ya turo kuɗin talla, ko YouTube ta fara biya, duk maganar da ka kawo za a ce don ka ga kuɗi ne. Tun ran gini ake zane.

Abubuwan da za ku tattauna ba su da yawa. Sunan ƙungiyar na wane ne in wani ya fita? Lambar wa da imel ɗin wa aka buɗe shafin da su, kuma su wa ke da lambar sirri? Asusun wa kuɗi ke shiga, kuma yaushe ake nuna wa kowa abin da ya shigo da abin da ya fita? Wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya ɗauka, wa ya tace, kuma nawa ne kason kowa? Ku rubuta ko a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu, a samu babba ɗaya ya shaida, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa.

In kuma wani na waje ya zo, ɗan siyasa ne mai son waƙar kamfe, ƙungiya ce mai son saƙon wayar da kai, ko mai shago ne ke son talla, ku tambaye shi kafin ku shiga situdiyo: a ina za a sa, har tsawon wane lokaci, kuma za a rubuta sunanmu? Kada kunya ta hana ku. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sayar da haƙƙin aiki ba ya inganta sai an yi shi a rubuce, kuma akwai hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa da aka ɗora wa kula da wannan fanni. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da ofishin BNDA a Yamai mai irin wannan aiki. In takardar da aka ba ku da Turanci ko Faransanci mai nauyi take, ku nemi ɗalibin lauya ko wani da kuka yarda da shi ya karanta muku da Hausa kafin kowa ya sa hannu.

Sannan in ka gama da wannan, ka waiwayi unguwarku. A Kano akwai masu lalurar shan-inna da suka haɗa ƙungiya suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, akwai masu buga ƙwallo a kan allon taya. Cikinsu ba za a rasa mai murya ko mai iya tsara baiti ba. In kuna neman wanda za ku ƙara a tafiyarku, ku saurari abin da mutum ya iya kafin ku kalli ƙafarsa.  In kun ɗauke shi kuma, a sa sunansa da kasonsa a takardar tun ranar farko.